Me-ya-sa Ta Tafi Soja

Tun tana ƙarama sunanta na yanka ya ɓace a gidansu. In aka ce ta sha magani sai ta ce me ya sa. In aka ce kada ta taɓa dutsen guga sai ta ce me ya sa, sannan ta kai hannu ta taɓa. Da haka Baba ya laƙaba mata Me-ya-sa, sunan ya bi ta makaranta ya dawo da ita, har ta gama sakandare babu mai kiranta da wani.

Ran nan da yamma tana zaune a ɗakin ɗinkin Umma, cikin tarin ƙyallaye da warin man keke. An ba ta rigar wata mata ta sa wa maɓalli, amma allurar na soke a hannun kujera, ita kuwa ta duƙufa kan wani littafin tambayoyin jarrabawa da ba nata ba.

Umma ta tsayar da keke ta dube ta. "Maɓallan nan da ƙafarsu za su hau rigar?"

"Umma, kin san a makarantar nan sabon shiga ba ya tafiya? Duk inda za shi da gudu yake zuwa, ko ɗakin cin abinci ne."

"Wace makaranta kuma?"

"Ta hafsoshin soja mana, wadda Dogo zai shiga. To me ya sa za a hana mutum tafiya?"

"Ki bari mai shigar ya zo ki tsare shi. Ni dai rigar mutane nake so kafin magariba."

Dogo ɗan kafinta ne. Babansa ya rasu ya bar masa shago a bakin titi, da mahaifiyarsa Inna, da yayarsa da ke aure a bayan layinsu. Da rana yana kan katako, da yamma yana kan littafi, kuma tun yana yaro ba shi da zance sai na kaki. Iyaye duka sun san da maganarsa da Me-ya-sa. An tsaya a kan cewa sai ya gama horo, domin makarantar ba ta ɗaukar mai aure, ba ta kuma yarda a yi auren sai an fita.

Da ya zo, suka zauna a bencin ƙofar gida, tana karanto masa tambayoyi yana amsawa. Ko da yake rabin lokacin nata tambayoyin ne. Me ya sa soja ke sara wa na gaba da shi da hannun dama? Wa yake wanke musu kaya? In mutum ya suma a fareti ɗaukarsa ake yi ko tsallake shi? Da suka zo lissafi, kafin ya gama zana tambayar ta faɗi amsa.

Ya ajiye biro yana kallonta. "Malama, ke fa kin san suna ɗaukar mata?"

"Mata? Me ya sa ba ka taɓa gaya min ba?"

"Ba ki taɓa tambaya ba. Ni kaina abin ya ba ni mamaki."

Ta yi dariya, amma maganar ta zauna mata. Washegari shi da kansa ya kai ta shagon intanet ya biya, aka cike mata fom. Umma ta ce ba da ita ba. Baba, wanda direban motar asibiti ne mai sanyin magana, ya ce, "Ƙyale ta ta gwada. In ta ga gudu da idonta za ta dawo ta rungumi maɓallanki."

Sai aka shiga gudu. Kullum bayan sallar asuba su nufi filin makarantar firamare, Dogo a gaba da dogayen ƙafafunsa, ita a baya tana haki, Baba a bayansu kan babur yana tafiya a hankali kamar mai rakiyar amarya, in ta rage gudu ya danna mata oda. Ranar farko ko zagaye ɗaya ba ta gama ba ta zube a gindin turken ƙwallo, ta riƙe haƙarƙari.

"Me ya sa nan wurin yake suka kamar an caka min wuƙa?"

"Saboda kina surutu kina gudu," in ji Dogo. "Ja numfashi ta hanci, ki sake ta baki. Tashi."

Ta tashi. Kafin wata ya zagayo tana gama filin ba tsayawa, Baba ya fara ƙorafin cewa mai take sha masa. Jarrabawar rubutu ta zo, suka ci su biyu, aka kira su tantancewa a makarantar.

Abin da ta fara gani bayan ta shiga get shi ne duwatsun gefen hanya, an shafe su da farin fenti, an jera su kamar da igiya. Har bishiyoyi an yi musu farar safa zuwa gwiwa. Aka raba maza da mata, aka rataya wa kowa lamba a ƙirji, daga nan ba mai suna sai lamba. Wata sajan gajeriya mai murya kamar ƙarfe ta jera su a rana.

Me-ya-sa ta daure, ta daure, ta kasa. Ta ɗaga hannu. "Don Allah, me ya sa ake shafa wa bishiya fenti?"

Sajan ta tako har gabanta, ta dube ta sama da ƙasa. "Kama kunnenki. Tsallen kwaɗo, daga nan zuwa waccan bishiyar. In kin isa ki tambaye ta."

Ta je ta dawo cinyoyinta na rawa. Da yamma tana wanke safa a bakin famfo, sajan ta zo wucewa, ba ta ko tsaya ba ta ce, "Don direba ya ga gefen hanya in duhu ya yi. Ba a hana tambaya a nan, lokacinta ake koya." Me-ya-sa ta bi ta da kallo, ta ji wurin ya shiga ranta fiye da yadda ta zata.

Aka yi awon tsawo, aka yi gudu, aka zo gwajin likita. A ɗakin duba ido, bayan haruffan bango, likita ya buɗe wani littafi mai shafuka cike da ɗige-ɗige masu launi, a cikin kowane shafi akwai lamba a ɓoye. Ta karanta su tas, har tana son ta tambayi amfanin wasan, ta tuna cinyoyinta ta fasa.

Bayan azahar suna zaune a inuwar rumfa sai ta hango layin waɗanda aka sallama sun nufi get da jakunkunansu. Ba sai ta nema ba, kansa ya fi na kowa tsawo. Ta miƙe tsaye. Dogo bai waiwayo ba. Wata ta kusa da ita ta ce, "Waɗancan na ido ne. Wai ba sa bambance ja da kore."

Ita ta ƙarasa tantancewar, ta yi intabiyu, ta dawo gida. Ba a jima ba saƙo ya shigo wayar Baba cewa an ɗauke ta. Babu wanda ya yi guɗa. Dogo bai zo benci ba tun dawowarsa, in ta kira wayar ta yi ta ƙara har ta tsinke.

Inna ce ta zo, da Yaya, yayar Dogo, a bayanta. Umma ta shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, Me-ya-sa ta durƙusa ta gaishe su. Inna ta amsa a taƙaice, idonta ya faɗa kamar wadda ta yi jinya.

"Ni ba faɗa ya kawo ni ba," in ji Inna. "Yaron nan tun yana sa wandon makaranta yake mafarkin wurin nan. Shi ya kama hannunta ya kai ta. Yau shi yana gida ba ya ci ba ya sha, ita za ta ɗauki jaka ta tafi. Ku gaya min, da wane ido zan dubi wannan?"

Yaya ta karɓe. "Kuma shekara huɗu fa. Ta dawo tana taku da takalmin ƙarfe, ta ce masa tashi, zauna. Unguwa ta samu abin dariya — miji na aske katako, mata na ba da oda. Gaskiya ɗaya ce, ko ta haƙura da sojan, ko a haƙura da maganar."

"Yaya, me ya sa…"

"Kin ji ko? Ko yanzu ma ba a gama magana ta tsoma baki."

Bayan sun tafi Umma ta shiga ɗakin ɗinki ta zauna gaban keke ba ta taka ba. Da Me-ya-sa ta shigo sai ta ga hawaye.

"Ki bar shi, 'yar nan. Jami'a na nan, ki yi karatunki kusa da ni. Yaron kirki irin wannan ba kullum ake samu ba. Ni dama can zuciyata ba ta kwanta da bindigar nan ba."

Ita ma ta fashe da kuka, ta kifa kai a cinyar Umma. Tana son Dogo, wannan ba ta taɓa tambayar kanta dalili ba. Amma in ta rufe ido sai ta ga fararen duwatsun nan, ta ji tana son sanin abin da ke gaba da su.

Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin babur. "Kowa ya faɗi abin da Dogo yake so, ban da Dogo. Je ki shagon ki ji daga bakinsa. Abin da kika yanke bayan nan, ina bayanki."

Ta same shi da hantsi yana goge ƙafar wani tebur, garin katako ya yi masa fari a gira. Ya rame. Ya gan ta, ya ci gaba da aikinsa. Duk maganar da ta shirya a hanya ta gudu, abin da ya rage mata sai halinta.

"Gyalen nan nawa, wane launi kake gani?"

Hannunsa ya tsaya. "Dariya kika zo yi min?"

"Wallahi a'a. So nake in sani. Tun ranar nake ta tunani."

Ya daɗe yana kallon gyalen. "Kamar ruwan ƙasa. Kamar wancan katakon in an shafa masa mai."

"Ja ne fa."

"Haka aka ce."

Ta jawo wata kujerar da ba a gama ba ta zauna. "To danjar kan titi fa? Yaya kake yi?"

"In ta sama ta kama a tsaya, in ta ƙasa ta kama a wuce. Na zaci kowa haka yake yi."

"Fenti fa? Kai da kake fentin kujeru?"

"Ina karanta jikin gwangwani. Da babana na da rai shi yake haɗawa ya miƙo min. Akwai wata mata da ta ce in yi wa gadon ɗanta kore, ta zo ta yi ta masifa. Har yau ina cewa rigima ce kawai irin tata."

Dariya ta kuɓuce mata, ta toshe baki. Shi ma ya so ya daure, ya kasa, suka yi ta yi har mai shagon kusa ya leƙo. Da dariyar ta lafa sai ga idonsa ya kawo ruwa. Ya juya baya yana kakkaɓe riga.

Ta ce a hankali, "Ba zan tafi ba. Na zo in gaya maka."

Ya juyo. "Bari in gaya miki gaskiya, don ban saba yi miki ƙarya ba. Na ji haushinki. Ranar da na fita get ɗin nan, na so a ce ke ma an koro ki. Shi ya sa na ƙi ɗaukar waya, kunyar kaina nake ji." Ya share fuska da bayan hannu. "Amma in kika zauna, gurbin ba ni za a ba ba. Wani za a kira. Idona ba zai gyaru don kin zauna ba. Sai dai mu zama mu biyu a gida, kullum in na dube ki in tuna abin da na hana ki."

"Inna fa? Da Yaya?"

"Wannan aikina ne, ba naki ba."

"Shekara huɗu, Dogo. Za ka iya?"

"Da ni ne na tafi, ba ke za ki jira ba? Wa ya tambaye ki ko za ki iya?"

A ranar ya durƙusa gaban Inna. Ya ce ba yarinyar ce ta ƙwace masa komai ba, shi ya kai ta, kuma da za a sake shi zai sake kai ta. Yaya ta ce an shanye shi. Inna ta ce, "Ba zan raba ku da bakina ba. Amma kada ka ce in yi murna. Lokaci zai nuna mana."

Daga nan shiri ya kankama. Makaranta ta aiko da jerin kayan da za a zo da su, Umma ta karɓe aikin tana mita. Ta zauna tana ɗinke lambar Me-ya-sa a jikin kowace riga, kowace safa, har tawul da zanen gado, tana cewa, "Wai mutum da sunansa a mai da shi lamba." Dogo kuwa duk abin da ya tara a kansa tun yana yaro ya juye mata a bencin nan. Ya koya mata goge takalmi da ɗigon ruwa har ta ga fuskarta a ciki. Ya sa ta yawo da sabon takalmin soja a tsakar gida don ya saki kafin ya ci mata dunduniya. Ya nuna mata yadda ake ja wa zanen gado kusurwa, da yadda ake wanka da shiri kafin a ƙirga ɗari. Wani lokaci yana cikin bayani sai ya kau da kai, sannan ya ci gaba.

Ranar aski ce ta fi wuya. Umma ta ce ba wanda zai taɓa kan 'yarta sai ita. Ta tsefe kitson, ta ɗauki almakashin ɗinki, ta yi bisimilla. Gashi na zuba, hawayenta na zuba. Me-ya-sa ta shafa ƙeyarta ta ce, "Ashe haka iska take a kai?" Umma ta dungure ta, tana kuka tana dariya.

Watannin farko ba waya, ba ziyara. Yaya ta samu abin faɗa: ai an ce can hafsoshi ke aure junansu, wa zai tuna da kafinta. Dogo ba ya tanka mata. Ya shiga kwalejin fasaha ta yamma yana koyon zanen kayan ɗaki, ya ɗauki mai fenti ya huta da karatun gwangwani, shago ya fara cika da aiki.

Da hutun farko ya zo, Me-ya-sa ta ajiye jaka ta wuce gidan Inna. Ta yi baƙi, ta rame, wuya ya fito. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta kamar da. Inna ta shirya amsa ɗaya ta kau da kai, amma idonta ya sauka kan ƙafafun yarinyar, duk sun yi tabo, sun yi kanta.

"Wannan fa?"

"Takalmi ne, Inna. Tafiyar daji muka yi."

"Daji? Ku kwana a can?"

"Mu kwana."

"Da macizai?" Inna ta gyara zama. "To wai da gaske ne bindigar tana da nauyi? Kin taɓa harbawa? Ba ta ture ki?"

Yaya da ta shigo da niyyar kallon taku da oda, ta tarar da Inna ta ɗora ƙafar Me-ya-sa a cinya tana shafa mata mai, tana jero tambaya ba ta jiran amsa. Ita ma ta samu wuri ta zauna. "Su matan ma har rarrafe a taɓo suke yi?"

Haka shekarun suka wuce, hutu bayan hutu, wata rana da daɗi wata rana da kewa. An yi saɓani, an yi shiru na makonni, an shirya. Ba wanda ya saki.

Ranar yaye su, filin fareti ya cika maƙil. Da aka gama taku aka kira iyaye su maƙala wa 'ya'yansu anini a kafaɗa. Baba ya maƙala na dama. Umma ta ɗauki na hagu, ta juya shi a hannu, sai ta waiwaya ta miƙa wa Inna.

"Ke kika ba da ɗanki ya jira. Zo ki sa mata."

Inna ta ce a'a, ta ce ba ta iya ba, Dogo ya karɓi jakarta ya tura ta gaba a hankali. Gajeriya ce, hannunta bai kai ba. Sabuwar hafsa ta rusuna a gaban jama'a har kafaɗarta ta zo daidai ƙirjin tsohuwar. Inna ta maƙala, ta dafa kanta, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ku yafe min."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Mutanen unguwa da suka jira abin dariya sai suka samu abin koyi. Domin so na gaskiya ba ya cewa in ban samu ba kada ka samu. Dogo ya rasa abin da ya fi so tun yana yaro, amma bai bar baƙin cikinsa ya zama sarƙa a ƙafar wadda yake ƙauna ba. Ita kuma ta samu ɗaukaka, ba ta ɗaga kai ta manta da waɗanda ta bari a gida ba. Wanda ya iya yi wa masoyinsa murna a ranar da shi ya rasa, ya kuma yi haƙuri da iyaye har zuciyarsu ta sauko da kanta, Allah ba ya barinsa hannu wofi.